Man da Ya Kai Ƙirji

Wutar tanderun kamfanin kwalabe ta girmi Auta. Mahaifinta ne ya kunna ta da hannunsa tun kafin a haife ta, kuma daga ranar ba ta taɓa mutuwa ba; ko gyara za a yi, da wutar a ciki ake yin sa. Tanderun narka gilashi ba murhun gida ba ne da za ka kashe ka tafi unguwa. Ɗaki ne guda na bulo, cike fal da narkakken gilashi. Idan ya huce da gilashin a cikinsa, gilashin ya daskare ya zama dutse ɗaya, to babu abin da ya rage sai a kirawo masu guduma su rushe. Kowa a kamfanin ya san wannan, har mai shara.

Auta ba ta nemi kujerar manaja ba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da Baba, yayyenta maza kowa ya ce yana da abin da ya sa a gaba, ita kuwa ita ce ta karanci harkar masana'antu, kuma ita ce a kusa. Tsofaffin ma'aikatan da suka taɓa saya mata alewa a bakin ƙofa suka wayi gari suna ce mata ranki ya daɗe. Wani lokaci bakin mutum ya suɓuce ya ce Auta, ya yi sauri ya haɗiye.

Ba ta daɗe a kujerar ba ambaliya ta tafi da gadar da motocin dakon mai ke bi. Baƙin mai tanderun ke ci, dare da rana, kuma ba ya jin lallashi. Tun da gadar ta karye mota ko ɗaya ba ta shigo ba, sai abin da ke cikin babban tankin bayan kamfani ake ta tatsa.

Tankin yana da agogon da ke nuna yawan mai, amma agogon ya tsaya tun Auta tana makarantar firamare, Baba kuwa bai ga dalilin gyara shi ba. Wani dogon mutum ne, da ma Dogo ake kiransa, yake hawa tsani kowace safiya ya zura sandar awo, ya zaro ta, ya sauko ya jingina ta da jikinsa. Inda baƙin mai ya tsaya a jikin sandar, da wannan gaɓar ake faɗin awo. A ce ya kai wuya, ko ya kai ƙirji, ko cibiya, ko ƙugu. Dogo ya gaya wa Kawu, shugaban masu kula da tanderu, wanda ƙanin mahaifiyar Auta ne, shi ya sa duk kamfanin ya ari sunan a bakinta. Kawu ya gaya wa Injiniya. Injiniya ya gyara wuyan riga ya hau bene ya gaya wa manaja.

"Ina muke yau?" in ji Auta.

"Ƙirji, ranki ya daɗe."

"Jiya ma ƙirji ka ce."

"E, jiya saman ƙirji ne. Yau ƙasansa."

Ta yi lissafinta a kan haka. Akwai hanyar tsirar da tanderu idan mai zai ƙare: a huda shi ta gefe, a tsiyaye gilashin tun yana ruwa, sannan a riƙa rage wuta sannu sannu don kada bulo ya tsage. Amma wannan aikin ma mai yake ci, kuma Injiniya ya tabbatar mata in mai ya yi ƙasa da gwiwa ba zai isa ba. Daga ƙirji zuwa gwiwa tafiya ce mai nisa. Masu sayar da mai sun ce motoci za su zagayo ta wata hanya. Saboda haka ta bar injina suna ta tofar da kwalabe, mata masu tantancewa suna ɗaga su a gaban fitila suna jefar da masu tabo, komai yana tafiya kamar ba a yi ambaliya ba.

Kowace yamma, idan ta tashi, sai ta biya ta gidan iyayenta. Gidan yana kan tudu, kuma an ajiye wa Baba kujera a gaban tagar da ke kallon kamfani. Ba a ganin ginin daga nan, sai dogon bututun hayaƙi da farin hayaƙin da ke fita daga bakinsa. Shi Baba yake kallo tun safe. Ciwon ya tafi da hannunsa na dama da yawancin maganarsa, ya bar masa hannun hagu da 'yan kalmomi, da kuma idon nan da ya sa manyan mutane suka riƙa manta abin da suka zo faɗi.

"Baba, sannu da hutawa. Komai lafiya a wurin aiki."

Kullum haka take cewa, kullum kuma sai ya ɗaga hannun hagu, tafin yana kallon ƙasa, ya sauke shi kaɗan. Tun tana yarinya take ganin yana yin haka idan ana ba shi labari, ba ta taɓa tambayar dalili ba. A wurinta ɗaya ne daga cikin halayensa, kamar yadda yake kaɗa cokali a kofi bayan sukari ya riga ya narke.

Ran nan ta ga ya ƙura wa hayaƙin ido fiye da kullum. Labarin gadar ya riga ya shigo gida ta rediyo. Sai ta ce bari ta kwantar masa da hankali.

"Kada ka damu da maganar mai, Baba. Yana nan ƙirji."

Ya juyo da kansa a hankali.

"Wa... ya ce?"

"Injiniya."

Ya ɗora hannu a ƙirjinsa, ya zame shi zuwa cibiya.

"Shi... wa?"

"Kawu ne ya gaya masa."

Hannun ya sauka ƙugu.

"Kawu kuma Dogo ne ya gaya masa, ai ka sani."

Hannun ya sauka cinya. Baba ya dubi taga, inda sararin sama ya haɗe da hadari, kamar mai tuna wani abu, sannan ya ƙara tura hannun har yatsunsa suka kusa taɓa gwiwa. Ya bar shi a nan, ya zuba mata ido.

Umma ce ta shigo da shayi ta tarar da su haka.

"Umma, me yake nufi?"

"Ragewa yake yi mana," in ji Umma, tana neman inda za ta ajiye faranti. "Au, ba ki sani ba? Kowa da nasa ragin a wurinsa. Ni ma tun ina amarya haka yake yi mini. In na ce na gama shiri mu tafi, sai ya sauke hannu ya koma ya zauna ya buɗe jarida. Kawunki kuwa ai shi ma babban ragi ne da shi, tun yana yaro in ya ce ya kusa zuwa, to bai sa takalmi ba."

Umma ta yi dariyarta. Auta ba ta yi ba. Jikinta ya yi sanyi, ba don man kaɗai ba. Ta tuna cewa duk yammar da ta ce komai lafiya, hannun nan sai da ya sauka.

Washegari ba ta hau bene ba. Ta wuce kai tsaye bayan kamfani, ta bi ta gefen tsibin fasassun kwalabe da ake mayarwa tanderu, ta tsaya a gindin tanki. Dogo ya zo da sandarsa a kafaɗa ya gan ta, ya yi turus.

"Ranki ya daɗe, lafiya?"

"Lafiya lau. Hau, ina jiranka."

Ya hau. Bai taɓa daɗewa a saman tanki kamar ranar ba. Da ya sauko ya jingina sandar da jikinsa, ya kawar da kai gefe kamar wanda za a yi wa allura. Baƙin man ya ɗan ɗara gwiwarsa, da kaɗan.

"Dogo, da ban zo ba, me za ka gaya wa Kawu?"

Ya gyara riƙon sandar.

"Ba faɗa zan yi ba. Tambaya nake."

"Ƙugu, ranki ya daɗe."

"Don me?"

Ya dube ta da mamaki na gaskiya, irin na wanda aka tambaya don me yake sa gishiri a abinci.

"To ai Baba yana ragewa. In na faɗi daidai, ya rage, ai ya zama ƙarya ke nan. Sai na ƙara, shi kuma ya rage, sai ta zo daidai." Ya dubi sandar. "Kwanan nan kuma da abin ya yi tsanani na ɗan ƙara da yawa, saboda hankali a tashe yake. Mun ɗauka kina ragewa, ranki ya daɗe."

Nan ta gane yadda mahaifinta ya riƙe kamfanin shekara da shekaru. Mutum ne mai zafi, wanda ya kawo masa mummunan labari shi ke fara shan ruwan faɗa. Sai mutane suka koyi ƙara wa labari sukari kafin su kai masa, shi kuma ya koyi yawan sukarin kowa. Babu wanda ya ɗauki abin ƙarya. Hanya ce da ta yi musu aiki, kuma da za ta ci gaba da yi, in da ba don rabin hanyar yana cikin kan mutum ɗaya ba, mutumin kuwa yana zaune a gaban taga.

Ta aika aka kira Kawu da Injiniya. Ma'aikatan da ke kusa suka rage saurin aiki, kowa yana goge abin da ba ya buƙatar guga, ana jiran a ga wanda za a fara da shi. Auta ta ji faɗan yana taso mata daga ciki, da irin kalmomin Baba, a shirye tsaf. Ta san kuma idan ta sake shi, gobe Dogo zai ce wuya.

"Ga sanda," ta ce da suka iso. "Kowa ya kalla."

Injiniya ya kalla, ya cire tabarau ya goge, ya sake kallo.

"Ni taki ɗaya kawai nake ƙarawa," ya ce a hankali. "Na ɗauka ni kaɗai ne."

"Kai ma?" in ji Kawu. "Da karatunka?"

"Kawu, bari wannan. Injiniya, abin da ke nan zai isa tsiyaya?"

Ya buɗe baki da sauri, ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka ƙara. Ban iya ragewa ba, kuma ba zan koya ba. Abin da ka faɗa, a kansa zan yi aiki."

Ya haɗiye amsar farko. Ya daɗe yana kallon sandar.

"In aka fara yau, ina ganin zai isa. Da ƙyar. In aka kai jibi, ban ce ba."

"To yau za a fara."

Kawu ya ja ta gefe. A nan babu ranki ya daɗe.

"Auta, kin san abin da kike faɗa? Wutar ubanki ce fa. Wutar da ko ranar da aka haife ki bai bar ta ya tafi asibiti ba sai da na karɓe shi. An yi yajin aiki ba ta mutu ba, an yi shekarar da babu lantarki ba ta mutu ba. Sai a hannunki? Masu mai sun ce motoci suna hanya."

"Sun ce."

Ta ciro waya ta kira ofishin masu mai. Wani mai murya mai daɗi ya ce mata motoci sun riga sun taso, ta sa ranta a inuwa. Tana saurarensa ta ga hannunta na hagu ya ɗaga da kansa yana sauka. Ta yi sauri ta cusa shi a aljihun rigar aiki. Ta roƙe shi lambar ɗaya daga cikin direbobin, ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya bayar. Ta kira direban, ta sa wayar a amsa-kuwwa don Kawu ya ji. Direban ya ce yana zaune a ƙarƙashin motarsa yana shan iska, hanyar zagayen ma ruwa ya cinye wani gefenta, kuma ko lodi ba a yi musu ba tukuna.

Kawu ya saurara har ƙarshe.

"Ba da hannuna ba dai," ya ce, ya juya ya tafi.

Kafin azahar ta sa aka tsayar da injina, aka tara ma'aikata a filin lodi. Shirun da ya biyo bayan tsayawar injinan ya fi komai tayar da hankali. Akwai waɗanda tun da suka fara aiki ba su taɓa jin muryar abokin aikinsu ba sai da ihu. Ta hau kan wani akwatin katako, ta sa Dogo ya tsaya kusa da ita da sandar a jikinsa, man bai gama bushewa ba. Ta gaya musu abin da ke cikin tanki, da abin da direba ya ce, da abin da za a yi. Ba ta ambaci wanda ya ƙara me ba.

Wata daga cikin mata masu tantance kwalabe, mai faɗin baki da kowa ke shakka, ta ɗaga murya.

"Ranki ya daɗe, yaushe za a sake kunnawa?"

Kawu, da ya ce ba da hannunsa ba, yana tsaye a bayan akwatin. Ya matso ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Ce musu wata ɗaya. Za su ƙara da kansu."

Ashe abin ta kowane gefe yake tafiya. Kalmar ta zo har kan harshenta, mai sauƙi, mai daɗin faɗi, kuma ta ga fuskokin da ke jiran ta. Tsoro ya kama ta sosai a lokacin, fiye da wanda ta ji a gindin tanki.

"Ban sani ba," ta ce.

Aka yi guna-guni.

"Ban sani ba. Sai an gyara hanya, sai an ga yadda bulo ya fita. Abin da na sani shi ne, in muka tsiyaye yau, akwai tanderun da za a sake kunnawa. In muka jira, babu. Ba na nufin sallamar kowa, akwai gyare-gyaren da aka daɗe ana ɗagawa, za mu yi su. In abin ya fi ƙarfina, daga bakina za ku fara ji, ba daga bakin mai gadi ba. Daga yau kuma sandar nan a bakin ƙofa za a riƙa jingina ta, kowa ya gani da idonsa."

Babu wanda ya tafa. Matar mai faɗin baki ta ce wa ta kusa da ita, yadda kowa zai ji, Baba dai da ya ce wata ɗaya. Wani ya amsa mata cewa Baba da ya ce wata ɗaya da sai a yi uku. Aka ɗan yi dariya maras daɗi, aka watse.

Da la'asar aka kawo doguwar sandar ƙarfen da za a huda gefen tanderu da ita. An shimfiɗa kwatar ƙarfe daga wurin hudar zuwa wani rami, ruwa yana gudu a cikinta. Injiniya ya sa rigar kare zafi ya riƙe sandar, ya saita, ya sake saitawa. Kawu yana zaune a kan bokiti can nesa, ya juya musu baya, amma kunnensa yana wurin. Da ya ji bugun farko ya runtse ido. Da ya ji na biyu ya miƙe.

"Kai, kai! A nan za ka huda? So kake ka tsaga mini bango? Ba ni sandar nan."

Ya karɓe sandar. Ya shafa bulon da safar hannu kamar mai lallashin dabba, ya matsa ƙasa kaɗan, ya ce a buga. Gilashin ya fito ja jawur, da kauri kamar zuma, ya faɗa cikin ruwa da wani irin ƙara, ya farfashe ya zama tsakuwa, tururi ya turnuƙe wurin. Kawu ya tsaya yana kallo. Ruwan da ke fuskarsa yana iya zama gumi, babu wanda ya matsa ya duba.

Aikin ya ɗauki kwanaki. Auta ta kwaso takardunta daga bene ta ajiye tebur a gefen tanderu, inda duk mai magana zai same ta ba sai ya bi ta bakin wani ba. Ba ta je gidan iyayenta ba a kwanakin, ta ce wa Umma aiki ya yi yawa, wanda gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Hayaƙi yana nan yana tashi, tunda ana rage wutar ne a hankali, sai ta bar shi yana yi mata magana.

Wata safiya Dogo ya zo gaban teburin da sandarsa. Ya buɗe baki, ya rufe. Ana ganin gwiwa tana yawo a bakinsa.

"Ƙwauri, ranki ya daɗe," ya ce da ƙyar. "Ƙasan ƙwauri ma."

Ya tsaya ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya saba biyo bayan irin wannan magana.

"Na gode, Dogo. Injiniya, ka ji. Sai mu ƙara saurin rage wutar."

"Bulo zai iya tsagewa."

"Zai iya. In mai ya yanke mana gaba ɗaya fa?"

"Zai fi tsagewa."

"To."

Dogo ya koma yana waiwaye, kamar wanda ya manta wani abu a wurin.

Man ya kai su, da ƙyar ɗin da Injiniya ya faɗa. Ranar da aka rufe bututun mai na ƙarshe, gilashi ya riga ya fita duka. Da aka leƙa da fitila ta ramin dubawa, aka ga bango ɗaya ya tsage daga sama zuwa tsakiya. Kawu ya ce ƙaramar tsaga ce, sannan ya dubi Auta ya gyara, ya ce ba ƙarama ba ce, amma tana gyaruwa.

Da yamma ta ɗauki mota ta nufi tudu. Tana cikin hawa ta dubi madubi, sai ta ga hayaƙi yana fita daga bututun kamfani. Ta taka birki ta juya ta kalla da kyau. Hayaƙi ne, baƙi ƙirin, yana murɗawa sama.

Umma ta tare ta a ƙofar ɗaki, ta riƙo hannunta.

"Ni na roƙi kawunki," ta ce da raɗa. "Tsofaffin tayoyi ne yake ƙonawa a gindin bututun. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali, Auta. Abin da ya rage masa ke nan, tagar nan. Ki bar shi da hayaƙinsa."

Auta ta tsaya. Ba ta ga laifin Umma ba, ba ta ga na Kawu ba. Ita ma kwanakin nan abin da ta yi ke nan, sai dai ita ba ta sayi taya ba. Kuma maganar likita ba wasa ba ce. Ta leƙa ɗakin. Baba yana gaban taga, ya ƙura wa baƙin hayaƙin ido. Mutumin da ya shekara arba'in yana kallon farin hayaƙi. Hannunsa na hagu yana kan cinyarsa, tafin yana kallon ƙasa, ya sauka har inda ba shi da sauran wurin sauka.

Ta shiga, ta jawo kujera kusa da shi, ta kira Kawu a waya a gabansa.

"Kawu, a kashe tayoyin nan."

"Auta..."

"Don Allah, Kawu. Ina tare da shi."

Ta ajiye wayar. Suka zauna su biyu suna kallon taga. Umma tana bakin ƙofa ta rufe baki da gefen mayafi. Hayaƙin ya ɗan ƙara turnuƙewa da aka zuba masa ruwa, ya koma toka-toka, ya sirance, ya yanke. Bututun ya tsaya shi kaɗai a sararin sama. Auta ba ta taɓa ganin bakinsa ba sai ranar.

Numfashin Baba ya yi nauyi. Ba ta kalle shi ba, don ta san in ta kalla za ta ƙara sukari.

"Baba, na kashe wutar. Mai ya ɗan ɗara gwiwa ranar da na auna, motoci kuma ba su taso ba. Mun tsiyaye gilashin, ya fita duka. Bango ɗaya ya tsage, daga sama zuwa tsakiya, Kawu ya ce yana gyaruwa, ni ma na leƙa na gani. Ban san ranar da za a sake kunnawa ba. Ban san ko zan iya riƙe mutane duka har zuwa ranar ba."

Hawaye ya gangaro wa Baba ta gefen fuskar da ba ya jin ta, bai san ya zubo ba balle ya share.

"Wa... ya ce?"

"Ni na ce, Baba."

Ya ɗaga hannun hagu daga cinyarsa, a hankali, har ya kai daidai ƙirji, tafin yana kallon ƙasa. Auta ta zuba wa hannun ido tana jiran ya sauka. Umma ma shi take kallo. Hannun tsoho ne maras lafiya, bai jima ba ya fara rawa. Ya yi ta rawa a wurin, amma bai sauka ba, har sai da Auta ta matso ta riƙe masa shi.